Aikin Nesa Mai Albashin Dala: Rashin Digiri Ba Ya Hana Shi, Rashin Iya Aiki Ne Ke Hanawa

Kwanakin baya ɗan yayata, wanda ya gama sakandare shekara uku da suka wuce bai samu gurbin karatu a jami'a ba, ya zo gidana bayan sallar isha'i, ya zauna a gefen tabarma ya sunkuyar da kai, ya yi irin shirun nan na wanda magana ke cin sa amma kunya ta hana shi buɗe baki. Sai da na matsa masa sannan ya ce, “Kawu, na yi wauta, kuma ban san da wane ido zan kalli Umma ba.” Ashe wata lamba ce da bai sani ba ta turo masa saƙo a waya, mai saƙon ta ce ita jami'ar ɗaukar ma'aikata ce a wani kamfani na ƙasar waje, suna neman matasan da za su yi musu aiki daga gida, ba a buƙatar digiri, ba a buƙatar mutum ya taɓa yin aiki a ko'ina, waya da data kaɗai sun wadatar. Aikin kuwa bai wuce ya danna alamar so a kan wasu bidiyoyi ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya tura musu ba. Ranar farko suka biya shi naira 3,000, ya ga kuɗi a asusunsa da idonsa, rana ta biyu suka biya shi 5,000. A rana ta uku aka ce masa ya cancanci shiga rukunin manyan ayyuka, inda sai ma'aikaci ya fara ajiye kuɗinsa sannan a mayar masa da su haɗe da riba. Ya ajiye kaɗan aka mayar masa da ƙari, ya ajiye mai yawa aka ce ya yi kuskure wajen danna wani wuri, sai ya ƙaro wasu kafin a saki na baya. Kafin ya farga ya tura musu naira 85,000, mafi yawansu kuɗin adashin mahaifiyarsa ne da ta ba shi ajiya, daga nan aka cire shi daga zauren aka toshe lambarsa.

Ban yi masa faɗa a daren ba, kuma har yau ban ga amfanin yi masa ba, domin yaron ba malalaci ba ne, ba ɗan caca ba ne, neman na kansa ya fita yi aka tare shi da kalmomin da ya fi ƙishirwar ji. Kalmomin nan, wato aiki daga gida, albashi mai tsoka, babu digiri, babu gogewa, sun cika shafukan Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp, har ta kai da wuya matashi ya wuni da waya a hannu bai ci karo da su ba. Abin da nake gani game da su shi ne an zuba gaskiya da ƙarya a ƙwarya ɗaya an dama, shi ya sa rarrabe su yake da wuya. Cewa mutum zai iya samun aikin nesa mai kyau ba tare da kwalin jami'a ba gaskiya ne, na kuwa san waɗanda suka samu. Cewa zai kwashi kuɗi masu yawa alhali bai iya komai ba, wannan ƙarya ce tsagwaronta, kuma wanda duk ya faɗa wa matashi haka, ko dai kuɗin aljihunsa yake hari, ko guminsa yake so a araha, ko kuwa yawan mabiya yake nema don ya sayar musu da wani kwas.

Sai an yi wa matasa adalci wajen fahimtar dalilin da ya sa tallar take kama su. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya, tun daga watan Yulin 2024, naira 70,000 ne, kuma ma'aikata da yawa a shaguna da makarantu masu zaman kansu ba sa ganin ko wannan ɗin. Tun da Babban Banki ya saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala da ake canzawa a hukumance a kan naira ɗari huɗu da 'yan kai ta haura 1,500 a cikin 2024. A irin wannan farashi, wanda aka biya dala 300 a wata, kuɗin da ba su isa hayar ɗaki a Landan ba, ya tashi da naira 450,000, wato ya ninka mafi ƙarancin albashi sau shida har da ɗoriya. Ga kuma jami'a da ta zama abin da ba a san ranar gamawa ba, domin a 2022 kaɗai yajin aikin malaman jami'o'i ya cinye wata takwas, ga yayye da suka gama digiri suka yi bautar ƙasa suna zaune a gida ko suna tuƙa babur mai ƙafa uku. Yaron da ya ga wannan duka, sannan aka ce masa akwai hanyar da ba ta bi ta jami'a ba, ba zai ƙi sauraro ba, kuma ni ba na ganin laifinsa a kan sauraron.

Wanda yake son ya gane gaskiyar lamarin ba sai ya je Amurka ba, ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya tsaya a gaban teburin mai gyara. Babu wanda ya taɓa miƙa wayarsa sannan ya ce wa mai gyaran ya nuna masa takardar makaranta. Amma kuma babu mai hankalin da zai miƙa wayar dubu ɗari biyu ga yaron da jiya aka kawo shi shagon. Yaron nan sai ya yi watanni yana share tebur, yana miƙo wa ubangidansa kayan aiki, yana kallon yadda ake ɗaga gilashi ba tare da an yanke igiyar da ke ƙarƙashinsa ba, sannan a ba shi matacciyar waya ya koyi narka dalma a kanta, daga nan a bar shi ya canza wurin caji, a hankali har ranar da ubangidan zai ce wa mai waya, “Alhaji, bar masa, ya iya.” Wannan kalma ta “ya iya” ita ce digirinsa, kuma ba a samunta a kwana uku. Haka tela yake, haka maƙeri, haka mai ɗinkin hula. Mu Hausawa mun daɗe da sanin cewa sana'a ba ta tambayar kwali, mun kuma daɗe da sanin cewa ba ta yiwuwa sai da koyo. Abin mamaki shi ne yadda da zarar an ce aikin a intanet yake, sai mu ajiye wannan sanin a gefe mu yarda cewa akwai wata kasuwa a duniya da ake biyan wanda bai iya ba fiye da yadda ake biyan gwani a nan gida.

Gaskiya ne cewa a ƙasashen da waɗannan ayyuka suke fitowa an fara sassauta sharaɗin digiri. Jihar Maryland ta Amurka ta cire shi daga dubban guraben aikin gwamnati a 2022, jihar Pennsylvania ta bi sahu a farkon 2023 ta cire shi daga kusan kashi 92 cikin ɗari na nata guraben, manyan kamfanoni irin su IBM da Google su ma sun yi shelar cewa iyawa suke dubawa. Sai dai wani bincike da Makarantar Kasuwanci ta Harvard ta fitar tare da cibiyar Burning Glass a watan Fabrairun 2024 ya gano cewa duk da wannan shela, sauyin da aka gani a zahiri bai kai mutum ɗaya cikin kowane 700 da aka ɗauka aiki ba. Ma'ana an goge sharaɗin daga takardar talla, amma mai tantancewa bai goge shi daga zuciyarsa ba. Kuma inda aka cire digirin da gaske, wani abu aka sa a madadinsa: jarrabawar gwaji, ko samfurin ayyukan da mutum ya taɓa yi, ko shaidar waɗanda ya yi wa aiki suka gamsu. Ƙofar ba a cire ta ba, makullin aka canza.

Labarin kamfanin Andela ya isa misali. An kafa shi a Legas a 2014 da manufar ɗauko matasa masu kaifin basira, ko da ba su karanci kwamfuta a jami'a ba, a horar da su rubuta manhaja, sannan su yi wa kamfanonin ƙetare aiki daga Afirka. Tsarin ya yi suna har gidauniyar Mark Zuckerberg da matarsa ta jagoranci zuba masa dala miliyan 24 a 2016. Amma a watan Satumban 2019 kamfanin ya sallami ƙananan injiniyoyi kusan 400 a Najeriya da Kenya da Uganda, ya kuma bayyana dalili ƙarara, cewa masu ba da aikin gogaggu suke nema. Waɗannan fa matasa ne da aka tace daga cikin dubban masu nema, aka horar da su wata da watanni, duk da haka kasuwa ta ce ba su kai ba tukuna. To ina ga wanda aka ce masa ya zo da waya kawai?

Dalilin a fili yake. Aikin da kowa zai iya yi ba tare da koyo ba, mutum miliyan nawa ne a Indiya da Filifin da Bangaladesh da Kenya da Najeriya suke layi a kansa? Idan masu nema suka yi yawa haka, mai ba da aiki shi ke yanka farashi. Akwai irin waɗannan ayyuka na gaskiya, ba damfara ba ne, mafi shahara a cikinsu shi ne tantance bayanai da yi musu alama domin horar da ƙirƙirarriyar basira, amma a dubi abin da ake biya. A watan Janairun 2023 mujallar TIME ta ba da rahoton cewa ma'aikatan kamfanin Sama a Nairobi, waɗanda suka yi aikin tace munanan rubuce-rubuce domin ChatGPT, suna komawa gida da tsakanin dala 1.32 zuwa dala 2 a awa, alhali kwangilar da aka ba kamfanin ta kai dala 12.50 a kan kowace awa. Aikin kuma na karanta bayanan kisa da fyaɗe da cin zarafin yara ne wuni guda, har wasunsu suka ce abin ya taɓa musu lafiyar ƙwaƙwalwa. Sannan babu tabbas ko na sisin kwabo. A watan Maris na 2024 dandalin Remotasks, mallakar kamfanin Scale AI, ya rufe ƙofarsa ga ma'aikata a Kenya da Najeriya da Pakistan kwatsam, mutanen da suke ciyar da iyali da shi suka wayi gari ba su iya shiga asusunsu. Ba na cewa kada a yi irin wannan aiki, da babu gara ba daɗi, amma a kira shi da sunansa na gaskiya, ƙwadago ne na yini, kamar na mai dako a bakin kasuwa, yau akwai gobe babu.

Akwai kuma wani ɓangare da ya fi wannan duhu, wanda iyaye ya kamata su sani. A watan Disamban 2024 hukumar EFCC ta kai samame wani dogon bene a unguwar Victoria Island da ke Legas ta kama mutum 792, cikinsu har da 'yan ƙasar Sin 148 da 'yan Filifin 40. Mafi yawan sauran matasan Najeriya ne da aka ɗauka aiki, aka zaunar da su gaban kwamfuta, aka koya musu yadda za su yaudari mutanen wasu ƙasashe da soyayyar ƙarya da zuba jarin kirifto na bogi. A kudu maso gabashin Asiya abin ya wuce nan: ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a rahotonsa na watan Agustan 2023 akwai aƙalla mutum 120,000 a Myanmar da kusan 100,000 a Kambodiya da ake tilasta wa yin damfara ta intanet, da yawansu kuwa tallar aiki mai albashi mai kyau ce ta kai su can aka ƙwace musu fasfo. Ina yawan tunanin cewa mai yiwuwa wadda ta turo wa ɗan yayata saƙo ita ma wata baiwar Allah ce da aka yaudara da irin kalmomin da ta yaudare shi da su. Banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma idan kamfani ya yarda ya biya ka da yawa alhali bai tambaye ka abin da ka iya ba, to akwai abin da yake so a wurinka wanda bai faɗa ba, ko kuɗinka, ko lambar asusunka da za a riƙa wuce da kuɗin sata ta ciki, ko kuma imaninka.

Wani abin da masu yaɗa jerin sunayen ayyukan nesa a intanet ba sa faɗa shi ne yawancin jerin an rubuta su ne don mazauna Amurka da Ingila da Kanada. Aikin amsa kiran abokan ciniki ko shigar da bayanai da ake cewa ana biyan dala goma sha biyar ko ashirin a awa, idan ka karanta sharuɗɗansa har ƙasa sai ka tarar an ce dole mai nema ya kasance mazaunin ƙasar kuma yana da izinin aiki a cikinta, saboda dokokin haraji da na ƙwadago. Daga nan ne wata mummunar kasuwa ta samo asali, ta sayen asusun wani ko hayarsa, da amfani da manhajar ɓoye wuri don mutum ya nuna kamar yana Texas alhali yana Tudun Wada. Na ji matasa suna kiran wannan dabara, ni kuwa ha'inci nake kiransa, domin ƙarya ce aka gina neman abinci a kanta. Ban da haka ma asara ce, domin ranar da aka gano za a rufe asusun da duk kuɗin da ke ciki, babu kotun da za ka kai ƙara, kuma shekarun da ka yi kana aiki da sunan wani ba su ƙara wa naka sunan komai ba. Kowane irin wannan kamu kuma yana ƙara sa kamfanoni su ɗora wa duk ɗan Najeriya alamar tambaya, har da mai gaskiyar da bai ji ba bai gani ba.

Ko wanda ya iya aikin, ya same shi ta hanyar halal, akwai kuɗin da yake kashewa wanda takwaransa na wata ƙasa bai san da su ba. Ƙanwar matata, matar aure ce mai 'ya'ya uku, karatunta bai wuce sakandare ba, amma Allah ya ba ta kunnen Hausa da haƙurin zama. Ta shafe kusan shekara guda tana koyon buga rubutu da yatsu goma a kan wata tsohuwar kwamfutar mijinta, tana koyon ƙa'idojin rubutun Hausa, tana sauraron shirye-shiryen rediyo tana mayar da su rubutu don gwaji, babu mai biyanta ko sisi. Daga baya ta fara samun ƙananan ayyuka na mayar da murya rubutu da duba fassara, kuma abin da take samu a wata mai kyau ya fi albashin malamin firamare. A watan Oktoban 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna, ta jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu sama da mako guda, na je gidan na tarar da ita ta aiki babban ɗanta da kwamfutar a cikin jakar makaranta zuwa shagon mai caji, ya bi layi ya dawo da ita bayan awa uku, ta yi aikin awa biyu batir ya mutu. Ta ce mini, “Yaya, mutumin nan ba zai gane ba, shi dai ranar da muka yi alkawari kawai ya sani.” Bai kuwa gane ba, aikin ya koma hannun wani.

Wannan shi ne harajin da ba a rubuta ba. A watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar masu rukunin farko, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni, daga ƙasa da 70, sauran rukunai kuma wutar ce ba sa gani. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa gaba ɗaya a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, aka kuma yi haka a sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, wanda duk abincinsa ke kan intanet a waɗannan wurare ya zauna. Karɓar kuɗin ma wani aiki ne, domin an yi shekaru da yawa ɗan Najeriya yana iya aika kuɗi ta manhajar PayPal amma ba ya iya karɓa, sai ya bi ta wasu hanyoyi kowace da nata kason, dandalin neman aiki irin Fiverr kuma yana cire kashi 20 cikin ɗari tun kafin kuɗin su taso. Ga bambancin lokaci, wanda ke sa mai yi wa kamfanin Kalifoniya aiki ya kwana a zaune. Idan aka cire kuɗin data da man janareto ko farantin sola da batir, albashin dalar nan yakan rage ƙiba sosai.

Duk da haka ina da yaƙinin cewa wannan hanya tana da alheri a gare mu, musamman ga mata. Matan Hausawa sun daɗe suna sana'a daga cikin gida, daga ɗinkin hula zuwa ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, sai dai sau da yawa sai an ɗora wa yarinya tire ta fita talla kafin kayan su kai ga mai saye. Aikin da mace za ta yi a ɗakinta, ta aika shi ba tare da ta cire 'yarta daga makaranta ba, abu ne da ya dace da rayuwarmu ƙwarai, kuma ya kamata mazaje su taimaka a kansa maimakon su riƙa zargin duk macen da suka gani da kwamfuta. Muna kuma da wata kadara da ɗan Indiya ko ɗan Filifin ba zai yi takara da mu a kanta ba, wato harshenmu. Tun a watan Disamban 2013 Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara, kuma yau kamfanonin fasaha da ƙungiyoyin agaji da masu bincike suna buƙatar masu fassara, masu naɗar murya, da masu duba ingancin abin da na'ura ta rubuta. Amma a nan ma magana ɗaya ce. Jin Hausa daban, iya rubuta ta daban. Matashin da bai san inda ake sa ƙ da ɗ da ɓ ba, wanda bai bambance inda ake haɗa kalma da inda ake raba ta ba, wanda idan aka ba shi jimlar Turanci sai ya jera mata kalmomin Hausa a kan ƙashin Turancin, zai faɗi jarrabawar gwaji ko da a tsakiyar birnin Katsina aka haife shi.

Na san akwai mai cewa irin wannan magana tana kashe wa matasa gwiwa, kuma shi ya san wane da wane da suka fara da waya kaɗai yau suna hawa mota. Ban musa ba, amma a je a tambayi waɗannan ɗin yadda suka yi, za a tarar akwai shekara ɗaya ko biyu da suka yi suna koyon zane ko haɗa bidiyo ko rubuta manhaja, suna yi wa mutane aiki kyauta ko a kan kuɗin data, suna aika neman aiki hamsin ba a amsa ko ɗaya ba. Wannan ɓangaren ne ba a ɗauka a bidiyo. Abin da ke kashe gwiwa na haƙiƙa shi ne a ce wa yaro wata ɗaya ya isa, ya yi wata uku bai ga komai ba, ya yanke hukuncin cewa shi ne bai da sa'a ko an yi masa asiri, ya watsar. Da an gaya masa tun farko cewa tafiyar ta shekara ce, da ya ɗaura ɗamarar shekara. Ina kuma ganin masu dubban mabiya da suke tallata irin waɗannan hanyoyi don a ba su lada a kan kowane mutum da ya yi rajista ta hannunsu suna da alhaki a wuyansu, domin amanar da mutane suka ba su ce suke sayarwa, kamar yadda aka yi a zamanin tsarin zuba jarin bogi na MMM a 2016 aka kuma maimaita da CBEX a 2025.

Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a ƙarshen 2023 a ƙarƙashin ministan sadarwa Bosun Tijani, da burin horar da mutum miliyan uku a fannonin fasaha, aka fara da rukunin mutum 30,000. Niyya ce mai kyau, amma horo na 'yan watanni ba ya warware matsalar da ta sa Andela ta sallami mutanenta, wato rashin wurin da sabon hannu zai goge. Abin da ya ɓace a tsakani shi ne matakin yaron shago. Wannan kuwa ba sai mun jira kamfanin ƙetare ya samar mana ba. 'Yan kasuwar Kantin Kwari da na Singa da suke sayar da kaya ta WhatsApp da Instagram suna buƙatar mai ɗaukar hoton atamfa da kyau, mai amsa saƙon masu saye, mai riƙe lissafin shiga da fita a kwamfuta. Makarantu masu zaman kansu, da ƙananan asibitoci, da gidajen rediyo, da masu shirya finafinai duk suna da irin waɗannan ayyuka, kuma yawancinsu ana iya yin su daga gida. Kuɗin kaɗan ne, da naira ake biya, amma a nan ne matashi zai koyi cika alkawari a kan lokaci, ya koyi karɓar gyara ba tare da fushi ba, ya tara ayyukan da zai nuna wa baƙo gobe. Waɗanda suka riga suka samu shiga kuma, ya kamata kowannensu ya riƙe yaro ɗaya ko biyu yana ba su ragowar aiki yana duba musu, har ya yaye su, kamar yadda aka yi wa kowane tela a garin nan. Gwamnatocin jihohi kuwa, maimakon rabon kwamfuta a gaban 'yan jarida, da za su sa wa ɗakunan karatu na ƙananan hukumomi sola da intanet mai ƙarfi su bar su a buɗe har dare, da sun yi abin da zai daɗe ana mora.

Ɗan yayata ya gaya wa mahaifiyarsa da bakinsa, ni na raka shi kawai, ta yi kuka ta yafe masa, muka haɗu muka cike kuɗin adashin. Yanzu wata na biyar ke nan yana zuwa shagon wani abokina mai buga katin biki da allunan talla, da safe yana yanka takarda yana kai saƙo, da yamma idan aiki ya lafa a bar masa kwamfuta ya koyi zane. Makon jiya ya turo mini hoton tallar wani shagon takalma da ya zana da kansa, an biya shi naira 4,000, na ga ya rubuta “ƙafa” ba tare da lanƙwasar ƙ ba, na kira shi na ce ya gyara kafin a buga.